Tsarabar Babban Darakta

Tun ranar da gwamnati ta sanya darasin sana'a a manhajar makarantun sakandare, zaman kashe wando ya ƙare a ƙasar nan. Takardar da ta zo daga ma'aikata ta faɗi haka a sakin layi na farko, da hatimi da sa hannu: daga yau babu yaron da zai fita daga makaranta yana neman aiki, shi ne zai riƙa ɗaukar mutane aiki. An liƙa takardar a allon sanarwa na wata makaranta da ke gefen garin Wudil, kuma tana nan har yau, sai dai gara ta cinye sakin layi na biyu, inda aka yi maganar kayan aiki.

An ce kowace makaranta ta zaɓi sana'a guda. Shugaban makarantar, Alhaji Labaran, ya tuna akwai kogi a garin, ya zaɓi kiwon kifi. Da ya duba jadawali sai ya ga babu mai sarari kamar Malam Halliru, malamin Tarihi, tunda yara sun daina ɗaukar Tarihi. Haka Malam Halliru, wanda ya yi shekara huɗu a jami'a yana bin sawun fataken ƙarni na goma sha tara, ya wayi gari masanin kifi. Kafin wannan rana babu abin da ya taɓa haɗa shi da kifi sai faranti.

Shekara bakwai ya yi yana kiwon kifi da alli. Ba tanki, ba kududdufi. Yakan zana tarwaɗa a allo, ya ja mata kibiyoyi, ya rubuta sunayen gaɓoɓinta da Turanci, yara su kwafa. A bayan idonsa suna kiran zanen silifa mai gashin baki. Ya sani, bai kuma ga laifinsu ba.

Wata Litinin, a farkon damina, Alhaji Labaran ya aika a kira shi ofis.

"Malam Halliru, ina gonar kifinmu?"

"Wace gona, ranka ya daɗe?"

"Wadda kake rubutawa a rahoto duk zango. Wadda take bunƙasa."

"Ai kai ka ce in rubuta."

"Na ce ka rubuta. Ban ce ka bar ta a takarda har shekara bakwai ba." Ya turo masa wasiƙa. "Babban Darakta zai zo daga Kano ran Alhamis, da 'yan jarida. Makarantarmu aka zaɓa, saboda rahotonmu ya fi na kowa kyau. Ka ga abin da iya rubutu yake jawo wa mutum. Tankin tamfol na samo aro. Kifi kuma sana'arka ce. Kada ka kawo mini 'yan ƙanana kamar na miya. Ina son abin da kyamara za ta gani daga nesa."

Malam Halliru ya fito daga ofis. Mutum ɗaya ya sani a duk garin da yake ƙyanƙyasar kifi da hannunsa, kuma da a ce akwai na biyu, da wurin na biyun zai je.

Ɗayyabu tsohon ɗalibinsa ne, ɗan gidan masunta. Shekara biyar da suka wuce ya faɗi darasin kiwon kifi warwas. An ce ya zana tarwaɗa ya sanya sunaye, ya zana ta kamar za ta motsa, amma ya rubuta sunayen da Hausa. An ce ya kawo alamomi uku na gurɓataccen ruwa, ya rubuta cewa in ka ga kifi sun taso sama da asuba suna haki, ka sauya ruwa kafin ka yi salla. Amsar ba ta cikin littafi. Malam Halliru ne ya ja masa jan biro da hannunsa.

Ya same shi da yamma a gidansu, kusa da gangaren kogi. Saurayi ne yanzu, ɗan shekara ashirin da uku, da ɗan gemu. Yana ganin malaminsa ya ajiye bokiti, ya goge hannu a wando, ya durƙusa. Suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi aiki, aka tambayi ruwa da ya fara sauka, aka sake tambayar gida. Mahaifiyarsa Hansai ta shimfiɗa tabarma, ta kawo fura.

Bayan gidan tankuna ne guda huɗu na bulo da siminti, da rabin durom-durom a jere ƙarƙashin rumfar zana. Ɗayyabu ya zaga da shi yana nuna masa, cikin ladabi, kamar mai karanta wa malami hadda. A tanki na ƙarshe, wanda aka rufe da raga, wani baƙin abu ya juya a hankali, ruwan ya yi tozo.

"Subhanallahi. Wannan fa?"

"Gwaggo ke nan, Malam." Ɗayyabu ya yi murmushi. "Shekararta biyu da rabi a hannuna. Tun tana kamar ɗan yatsa."

Sai ya yi masa bayani. Wajen ƙyanƙyasa, namiji ake yankawa a ɗebi ruwansa. Mace ba a yanka ta. Allura ake yi mata, a jira, a matse ƙwan a hankali cikin roba, a mai da ita ruwa ta huta har wani zagaye. Mata biyu yake da su, zafin bazara ya kashe ɗaya. Saura Gwaggo, kuma cikinta ya cika. Mako mai zuwa zai yi mata allura. Manoma shida daga Utai da Indabo sun gyara tankunansu suna jiran 'ya'yanta.

"Wato duk daminar bana tana cikin wannan cikin," in ji Malam Halliru.

"Duk tana ciki, Malam."

Mutumin kirki da ya ji haka sai ya shanye furarsa ya yi sallama. Malam Halliru mutumin kirki ne, amma yana da Alhamis a gabansa. Ya kawo buƙatarsa yana kallon tabarma. Aro ne kawai, na rabin yini. Ya ƙara da cewa an ce Darakta yana tattara sunayen matasa masu sana'a, za a raba injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Alhaji Labaran ne ya faɗa masa haka, kuma a lokacin da yake maimaitawa ya kusa yarda da maganar. Ya san da kura Ɗayyabu yake turo ruwa daga kogi, sawu takwas a rana.

"Malam, ka ɗauki matasan kifin nan ko ɗari ne. Ka ɗauki mazan biyu da na ajiye don ƙyanƙyasa. Ita dai ba ta son wahala yanzu."

"Firinsifal ya ce babba yake so."

Hansai tana bakin ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kai Ɗayyabu, malaminka ne fa ya tako har gida. Wanda ya koya maka."

"Ba shi ya koya mini kifi ba, Inna."

"Rufe mana baki, marar kunya. Malam, ka yi haƙuri, ruwan kogi ne ya shiga kansa."

Malam Halliru ya yi dariya, don babu abin da ya rage masa sai ita. Daga ƙarshe Ɗayyabu ya amince. Sannan ya kafa sharuɗɗa yana lanƙwasa yatsu. Shi zai kawo ta, da ruwansa. Kada a ba ta abinci. Kada kowa ya sa hannu. A yi mata inuwa. Kafin azahar ta dawo gida.

"Amana ce," in ji Malam Halliru. "A wuyana."

Ran Alhamis da hantsi makaranta ta zama wata makaranta. An shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. An kafa rumfa, an jera kujeru, an rataye ƙyalle mai rubutun *Matasa Masu Dogaro da Kai*. A ƙarƙashin darbejiya aka kafa tankin tamfol, Ɗayyabu ya cika shi da jarkoki goma sha biyu na ruwan gidansu, ya saki matasan kifi, sannan ya sauke Gwaggo da hannu biyu kamar mai kwantar da jariri.

Alhaji Labaran ya leƙa, ya ce ma sha Allah sau uku. Sannan ya kalli Ɗayyabu sama da ƙasa.

"Wannan gemun ba na ɗan aji shida ba ne. To, ba komai. A ba shi farar rigar ɗakin gwaji. In an tambaya, ɗalibinmu ne."

"Tsohon ɗalibi, ranka ya daɗe," in ji Malam Halliru.

"Tsohon ɗalibi ba ɗalibi ba ne? Tsohon soja fa?"

An ce ƙarfe goma. Aka yi sha ɗaya, aka yi sha biyu. Inuwar darbejiya ta zame daga kan tankin, Ɗayyabu ya cire farar rigar ya shimfiɗa a kan raga, aka ce ya mai da ita jikinsa. Aka kira azahar. Da suka dawo daga masallaci ya matso kusa da malaminsa.

"Malam, azahar ta yi."

"Sun wuce gada, yanzu aka bugo. Minti goma, Ɗayyabu. Don Allah."

Sai kusan la'asar motoci uku suka shigo. Babban Darakta mutum ne mai fara'a, mai ƙamshin turare, kuma ba mugu ba ne, wannan ya kamata a faɗa. Ya yi jawabi na minti arba'in. Ya ce zamanin yawo da takarda a hammata ya wuce. Ya ce matsalar matasanmu ba rashin jari ba ce, rashin tunani ne, kuma tunanin ne gwamnati ta zo ta raba. Yara suka tafa a duk inda aka koya musu. Maganar inji ba ta fito ba, amma an miƙa wa ɗalibai goma takardar yabo, har da Ɗayyabu, wanda tasa take ɗauke da sunan wani Mudassir da bai zo makaranta ba ranar.

Daga nan aka nufi tanki. Aka yaye raga. Gwaggo ta juya, ta kaɗa wutsiya, ruwa ya fantsama a kan takalmin mai kyamara.

"Kai, kai, kai!" Darakta ya dafa ƙirji. "Yaran nan ne suka kiwata wannan? A nan? Wallahi na zaga makarantu goma sha tara, ban ga irin wannan ba. Ai ko a kasuwa rabona da ganin tarwaɗa haka na manta. Da Hajiya ta ga wannan!"

Yabo ne kawai. Amma Alhaji Labaran ya yi shekara talatin yana aikin gwamnati, ya kuma san babban baƙo ba ya yaba abu ya koma ya bar shi.

"Ranka ya daɗe, ai tsarabarka ce. 'Ya'yanka ne suka kiwata, wa ya fi ka cancanta?"

"A'a, a'a, haba. Na yara ne."

Kyauta a ƙasar nan sau uku ake miƙa ta. Ta farko a ƙi don kunya, ta biyu a ƙi don mutunci, ta uku a karɓa don kada a wulaƙanta mai bayarwa. Kowa a wurin ya san lissafin. Malam Halliru ya san saura biyu, ya kuma ji idon Ɗayyabu a gefen fuskarsa kamar garwashi. Magana ɗaya ce: ranka ya daɗe, wannan ta aro ce. Ya shirya ta a bakinsa, ya yi taku ɗaya gaba.

"Ranka ya daɗe, in ka bar ta yara za su ji ba daɗi," in ji Alhaji Labaran.

"Wallahi ku bar ta." Darakta ya waiwayo, idonsa ya faɗa kan mutumin da ya matso. "Wannan ne malamin nasu?"

"Shi ne, Malam Halliru. Shekara bakwai yana kan aikin nan, ba dare ba rana."

Darakta ya kama hannunsa da hannu biyu, kyamara ta juyo. "Malam, irinku ƙasar nan take nema. Sakatare, rubuta sunansa. Akwai bita a Kaduna wata mai zuwa, shi zai koya wa sauran yadda aka yi. Kana da magana ne, Malam?"

A shekara ashirin da biyu na koyarwa babu wanda ya taɓa rubuta sunan Malam Halliru sai don a tuhume shi. Ya kalli kyamara, ya kalli Alhaji Labaran, ya ga rahotanni ashirin da ɗaya masu sa hannunsa a jere kamar shaidu.

"Godiya muke, ranka ya daɗe," in ji shi.

Sai Ɗayyabu ya durƙusa a gefen tankin, cikin farar rigar da ta yi masa kaɗan.

"Ranka ya daɗe, tana da ƙwai. Cikinta cike yake."

Duk mai kiwon kifi da ya ji wannan ya san abin da ake nufi: a bar ta. To amma a wurin nan, mai kiwon kifi ɗaya ne.

"Allahu akbar!" Fuskar Darakta ta washe. "Ka ji yaro mai tarbiyya, har da talla. Ai ƙwan shi ne daɗin! Hajiya in ta samu ƙwan tarwaɗa a farfesu, ranar ba a jin kanta."

"To ka gani, ranka ya daɗe," in ji Alhaji Labaran. "Su ma yaran sun matsa."

"To, tunda kun matsa. Allah ya yi albarka."

Ɗayyabu ya yi ƙoƙari ɗaya na ƙarshe. Ya ce a bari ya sa ta a jarka da ruwa, ta isa Kano da rai. Wataƙila yana tunanin abin da ke da rai ana iya bin sawunsa a roƙo. Direba ya ce shi ba za a jiƙa masa but ɗin mota ba, jiya aka wanke kafet. A kashe ta a naɗe a buhu. Ya ɗauko wani guntun katako, ya tsaya yana neman inda zai fara.

"Kawo," in ji Ɗayyabu.

Ya fito da ita, ya rufe mata ido da tsumma har ta daina fizga, ya yi bisimilla. Bugu ɗaya ya yi. Darakta ya ce wa 'yan jarida su lura da ƙwarewa, wannan shi ake kira ilimi a aikace.

Washegari rediyo ya ba da labarin sau uku. Malam Halliru ya kashe rediyon sau uku. Ran Asabar da safe ya kasa zama, ya hau babur ya nufi gangaren kogi.

Ya tarar da Ɗayyabu a tsugune yana waya. "Eh, Baba Lawan, bana dai ba za a samu ba... A'a, lafiya lau, ƙaddara ce... Akwai wani a Kano, zan turo maka lambarsa, nasa ma suna da kyau... Na sani, ka gyara tanki. Ka yi haƙuri." Ya kashe, ya ga malaminsa, ya miƙe, ya sake durƙusawa. Aka tambayi gida, aka tambayi aiki, aka tambayi ruwa. Hansai ta shimfiɗa tabarma, ta kawo fura, amma wannan karon ba ta zauna a bakin ƙofa ba.

Malam Halliru ya zo da jawabi, ya shirya shi tun a hanya. Abin da ya fito shi ne, "Ɗayyabu, abin nan da ya faru..."

"Ba komai, Malam."

"Na ce amana."

"Allah ya riga ya rubuta."

"Ba za a samu wata uwar ba? A saya?"

"Ana samu. Sai dai ba ka san jininta ba, ba ka san abin da ta ci ba. Masu kyau ba sa sayarwa a farkon damina. Cikin matasan nan zan ware, in Allah ya kai mu baɗi war haka wata ta isa."

"Ni da na yi tunani, ko da an cire ƙwan kafin a tafi da ita..."

"Sai an yi mata allura tana da rai, Malam." Ya faɗa a hankali, ba da gatse ba. "Yana cikin littafinku. Babi na tara. Kun ba mu a jarrabawa."

Malam Halliru ya tuna babin. Ya karanta shi a gaban aji sau bakwai.

Da ya miƙe zai tafi, Ɗayyabu ya ce ya ɗan jira. Ya zaga baya, ya dawo da baƙar leda mai nauyi, tana motsi. Ɗaya daga cikin mazan nan biyu ne.

"Malam, a kai wa su Umma a gidanka."

"A'a, Ɗayyabu. Haba."

"Ba shi da sauran aiki bana, Malam. Abinci kawai zai yi ta ci."

"Wallahi ka bar shi."

"Malam, ka tako har gida. Inna ba za ta ji daɗi ba."

Malam Halliru ya tsaya da hannuwansa a saye cikin aljihu. Ya san lissafin. Ya fito da hannu ɗaya ya karɓa, ya rataye ledar a kan babur, tana bugun tankin mai.

Bai tayar ba tukuna. Ta ƙofar da aka bari a buɗe ya hango Ɗayyabu ya je tanki na ƙarshe, ya naɗe raga, ya zare toshiya. Ruwan sawu takwas ya bi kwata ya fice. Ya tsaya har ya tsiyaye. Sannan ya ɗauki shebur da ke jingine da bango, ya saɓa a kafaɗa, ya bi ta ƙofar baya zuwa bakin kogi, inda tifofi suke ɗaukar masu lodin yashi kafin rana ta yi zafi.